Sallamar da Ta Kusa Cinye Min Shekara

Ko da zan manta da komai na shekarun nan da muka yi cikin ɗar-ɗar a Potiskum, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da wani dattijo ya tsaya a ƙofar ɗaki ya yi min sallama, ni kuma na kasa amsa masa. Yanzu idan na ba da labarin mutane dariya suke yi, ni ma nakan taya su. Amma a ranar babu abin dariya, don karatuna ne a hannu ɗaya, lafiyar jikina a ɗaya hannun.

A lokacin an rufe makarantar da nake yi saboda halin da ake ciki, na dawo gida unguwar Bolewa na zauna. Ni kuwa Allah bai yi ni da zama ba. An hana hawa babur, ga dokar hana fita tun kafin magariba, abokai wasu sun tafi Kano wasu Bauchi. Sai in shiga ɗaki in fito, in je zaure in dawo, har mahaifiyata ta ce, "Kai don Allah ka nemi wuri ka zauna, sai zarya kake kamar kazar da za ta yi ƙwai." Abin da ke cina shi ne sa'o'ina na wasu garuruwa suna ta wucewa aji-aji, ni shekara tana tafiya a banza.

Wani maƙwabcinmu Kirista, ɗan kudu, mai shagon buga takardu, shi ya nuna min hanya kafin ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Ya ce akwai darussan kwamfuta da ake yi ta intanet, kuma akwai jami'ar da ke karɓar sakamakonsu a matsayin kiredit, wato a lissafa maka su kamar ka zauna a aji ka yi. In na gama na ci jarrabawar ƙarshe, za a yafe min darussan shekarar farko. Ya sayar min da tsohuwar kwamfutarsa da modem na shiga intanet, ya ce in riƙe abin da gaske. Na kuwa riƙe. Watanni na yi ina koyon yadda ake haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, in an kawo wuta in yi caji, in an ɗauke in lallaɓa batir.

Jarrabawar ƙarshen nan tana da dokoki masu tsauri. Mai sa ido zai riƙa kallonka ta kyamarar kwamfuta tun daga farko har ƙarshe. Kai kaɗai a ɗaki, ba ka magana da kowa, ba ka tashi, ba ka ko waiwaya. Wani ya shigo ko ka yi magana da wani, an soke. Kuma dole in yi ta kafin jami'ar ta rufe ɗaukar ɗalibai na shekarar, in ba haka ba sai baɗi. Na zaɓi rana, na fara shiri, sai muka wayi gari an ɗauke sabis ɗin waya a jihar gaba ɗaya. Ni da nake karatun haɗa netwok, ga ni a garin da ko "ina kwana" ba ka iya aika wa ta waya. Na yi kusan fasa modem ɗin nan da bango.

Mutane suka koma shiga mota su tsallaka ƙasar Bauchi don kawai su kira 'yan'uwa su ce suna raye. Kawuna, wanda dillali ne a Kasuwar Shanu, shi ya ga yadda na rame ya tausaya min. Ya ce yana da wani dattijo da ya daɗe yana sayen shanu a hannunsa, a wani ƙauye da ke kan hanyar Azare, can sabis yana kamawa. Ana gobe jarrabawar muka kama hanya. A kowane shingen sojoji sai an sauke mu, mu ɗaga hannu mu wuce a ƙafa, ni kuma da jakar kwamfuta sai an ce in buɗe in kunna. Kowace kunnawa batir take ci, ni kuma raina take ci.

Dattijon ya karɓe mu kamar ya daɗe yana jiranmu. Ya sa aka share mana wani ɗaki kusa da zaure, wanda aka ce nan ne waya ta fi kamawa, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Mutum ne mai yawan gaisuwa. Kafin la'asar ya leƙo ya fi a ƙirga, ya ji ko mun sha ruwa, ko zafi ya dame mu, ko akwai abin da muke so. Kowace leƙowa gabana sai ya faɗi, don ina tuna gobe. Da muka keɓe na ce wa Kawu ya kamata mu gaya wa Baba, wato dattijon, cewa gobe da hantsi kada kowa ya shigo ɗakin nan.

Kawu ya kalle ni kamar na zagi wani. "Kai yaron nan boko ya ɓata ka? Mutum ya ba ka ɗaki a gidansa, ka ce kada ya shiga? Da wane bakin?"

"Kawu, dokar jarrabawar ce."

"Dokarsu can. Ni zan zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya zo in ja shi da hira. Ba sai an faɗa masa komai ba."

Na so in yi musu, amma ni ma da na ƙiyasta kaina tsaye a gaban dattijon nan ina cewa kada ya shigo, sai na ji nauyin abin. Muka bar shi a haka.

Washegari da hantsi na rufe ƙofa na sa sakata, na ɗora kwamfuta a kan wani turmi da na kifa. Wata mata ta bayyana a allon, da abin sauraro a kunnenta, tana Turanci da sauri. Ta sa na juya kyamara ta ga kowane lungu na ɗakin, har buhunan gero da ke jingine. Ta maimaita min dokokin, na ce na ji. Aka buɗe tambayoyi. Da na ga na farko na san shi, na biyu ma haka, sai zuciyata ta fara kwanciya. Ina jin tarin Kawu a waje, na ce alhamdu lillahi, mai gadi yana nan.

Ban kai rabi ba na ji wani ya zo yana gaya wa Kawu cewa an kawo wani bijimi bayan gari, mai shi yana neman kuɗi da gaggawa. Duk wanda ya san dillalin shanu ya san ƙarshen zancen. Na ji Kawu yana cewa, "Yanzu zan dawo," ban ma san wa yake gaya wa ba, sai ƙarar takalmansa tana nisa. Na ci gaba da amsa tambayoyi, amma rabin hankalina ya koma ƙofa.

Can sai na ji, "Salamu alaikum." Muryar Baba ce.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sallamar babba na yi shiru ba. Amsar ta taho har bakina, na haɗiye ta. Idon matar nan yana kaina. Ya sake yi, da ɗan ƙarfi. Gumi ya karyo min, na karanta tambaya ɗaya sau nawa ban fahimci komai ba. Na ce a raina in ya yi ta uku bai ji amsa ba zai koma, haka aka saba. Ya yi ta ukun. Sai dai bai koma ba, ya taɓa ƙofa ya ji ta a kulle.

Abin da ni da Kawu ba mu lissafa ba shi ne zamanin da muke ciki. A da, baƙo ya yi shiru a ɗaki sai a ce barci yake. A wannan lokacin kuwa, saurayi ne daga Potiskum, ba wanda ya san shi, ya zo da na'ura, ya kulle kansa, wanda ya kawo shi kuma ya ɓace. Na fara jin takun mutane. Wani ya ce, "Ɗazu na ji yana Turanci da wata." Wani ya ce, "Baba, ka san ko wa ka sauka kuwa?" Sai wata murya ta ce a kira 'yan sintiri. Na san abin da ake yi wa wanda aka zarga a kwanakin nan, ba a tsayawa tambaya sai an gama duka. Ga tambayoyin da suka rage kaɗan ne, ga shekara guda tana kallona, ga gora tana bugun ƙofa.

Na ɗaga murya na ce, "Wa alaikumus salam, Baba! Ina zuwa!"

Na tashi na zare sakata. Baba ne tsaye da ƙwaryar fura a hannu, bayansa samari da sanduna. Ashe duk wannan abin fura ya kawo min, don an ce masa ban karya ba. Ya shigo ya dubi ɗakin, ya dubi turmi, sai ya yi ido biyu da matar da ke allon. Ya ɗan rusuna ya ce, "Au, ashe da baƙuwa. Sannu, 'yar nan. Ya mutanen gida?" Ita kuwa ta daburce, tana ta cewa wane ne wannan, su wane ne waɗannan. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, Turancin ya tsere min. Ta ce in yi haƙuri, amma dole ta tsayar da jarrabawar ta kai rahoto. Allon ya rufe.

Na zauna a tabarma, hawaye suka zubo min a gaban samarin nan, ban ma ji kunya ba. Baba ya kore su, ya ajiye furar ya zauna. Ya ce in gaya masa abin da ya ɓata. Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga rufe makaranta har dokar ɗakin. Da na gama, ya dube ni.

"To me ya hana ku gaya min tun jiya?"

"Baba, mun ji nauyi ne. Gidanka ne."

"Nauyi? Ɗana, in mutum ya ta da salla na yi masa sallama bai amsa ba, fushi nake yi? Ai na san abin da yake yi ne. Ku kuka bar ni a duhu. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi."

Ana haka Kawu ya dawo yana murna ya yi ciniki. Baba ya wanke shi tas, yana ce masa da furfurarsa ya bar yaro a hannun Allah ya tafi bin bijimi. Ban taɓa ganin Kawu ya sunkuyar da kai haka ba, kuma in faɗi gaskiya na ji daɗin ganin hakan.

Na rubuta wa masu jarrabawar bayanin abin da ya faru, na roƙi su kalli bidiyon. Baba ya ce ba inda zan je sai amsa ta zo. Kwanakin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. In kunna kwamfuta in duba, ba komai, in kashe don batir, kafin in sha ruwa na sake kunnawa. Na bi ƙauyen nan da ƙafa har awaki sun san ni. Samarin da suka zo da sanduna su ne suka koma kai min kwamfutar wurin mai cajin waya, suna tsokanata a kan matar nan ta allo da "ango, amaryar ta yi magana?" Ana dab da rufe ɗaukar ɗalibai amsa ta zo. Sun kalli bidiyon, ba su ga alamar satar amsa ba, sun ba ni dama ɗaya ta ƙarshe.

Ranar da zan sake jarrabawar, Baba da kansa ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a bakin ƙofar, ya sa sandarsa a gicciye, ya sa aka ɗaure jakin gidan can nesa. Ina ciki ina jin duk wanda ya doso yana tare shi da raɗa. Har mai unguwa ya zo gaishe shi, na ji Baba yana cewa, "Yi ƙasa da murya, ranka ya daɗe, ɗana yana jarrabawa." Na gama a natse, na ci, aka ba ni kiredit ɗina, na fara jami'a daga aji biyu.

Baba ya rasu kafin in kammala, ban samu na kai masa takardar shaidar ya gani ba, kuma har yau abin yana yi min ciwo. Abin da na koya a gidansa ban same shi a cikin darussan nan ba. Kunyar da za ta hana ka gaya wa mai masaukinka bukatarka ba girmamawa ba ce, barin sa ne ya ɓata maka abu da hannunsa alhali alheri ya kawo. Yanzu ni ma ina koyar da yara kwamfuta, kuma duk wanda zai zauna irin wannan jarrabawar, kafin in tambaye shi ko ya yi karatu, sai na fara tambayar sa ko ya gaya wa mutanen gidan.