Wushiryar Inna Tabawa

Ƙamshin kanumfari ne yake dawo mini da wannan Alhamis ɗin, kuma ban ga ranar da zan manta ta ba. Duk wanda ya taɓa shiga asibitin haƙori ya san ƙamshin, domin akwai man kanumfari a cikin abin da muke toshe ramin haƙori da shi na wucin gadi. Yana kama labule, ya kama riga, ya bi mutum har gida. Ranar an yi ruwa da hantsi, sai ya gauraya da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da yake shigowa ta taga.

Lokacin watana huɗu da fara aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori a Nassarawa GRA, tsohon gida ne da aka mayar asibiti, da bishiyar mangwaro a bakin ƙofa. Ni mataimakiyar likita ce. Ina dafa kayan aiki, ina miƙa wa likita abin da ta nema, ina cike takardu. A ƙa'idarmu sabon ma'aikaci yana yin wata shida na gwaji kafin a tabbatar da shi, don haka a lokacin ko tari nake yi a hankali. Mai asibitin ita ce Dakta Binta, mace mai ƙarancin magana. A ɗakin baya kuma akwai Malam Sunusi, dattijo Bakatsine mai haɗa haƙoran roba, wanda marasa lafiya ba sa ko ganinsa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, haƙoran roba zuwa uku ake yi musu. Zuwan farko a ɗauki awon baki da wani ƙullu mai daskarewa, a cike takardar da za ta bi awon zuwa wurin mai haɗawa. Zuwa na biyu a gwada haƙoran a kan kaki, lokacin da ake iya matsar da su yadda ake so, in mai su ya yarda ya sa hannu. Zuwa na uku ya karɓi kayansa an gasa, sun ƙame. Daga nan babu sauran gyara, sai dai a sake sabo.

Inna Tabawa ta fara zuwa mana sati uku kafin wannan Alhamis. Dattijuwa ce 'yar ƙasar Haɗeja, mai dafa abinci a wani gida da ke layin bayanmu. Ta shigo da gefen mayafinta a baki, ta gaishe ni ta cikinsa, ta faɗi sunanta ta cikinsa. Da ta hau kujera likita ta ce ta buɗe, sai da ta rufe ido tukuna. Haƙora huɗu na sama babu su. Ta ce shekara tara ke nan da ta faɗo daga kan babur, kuma kusan kullum tana wuce allon tallan asibitinmu in za ta sayo kayan miya, tana kallon hoton bakin da ke jiki.

Kuɗin na adashi ne da suke yi da masu aikin gidajen layinsu, shekara biyu tana zubi kafin kwasa ta zo kanta. Ɗanta da ke Kaura Goje ya so ta sayi injin markaɗe. Uwar ɗakinta ta ba ta shawarar ta sayi tumaki biyu a yi mata kiwo a gida. Ni ma da na zo nuna mata nau'in haƙoran, mai araha na tura gabanta, na ce yana aiki lafiya, kuma abin da ya ragu zai yi mata wani amfanin. A zatona kirki nake yi mata. Ta dube ni da idanunta masu kwalli, ta ce, "'Yar nan, tun ina budurwa kuɗina cikin wani suke shiga, ko su rufe jikin wani. Ban yi da-na-sani ba. Amma wannan karon bakina zan saya, ki ba ni mai kyaun."

Ina cikin kwaɓa ƙullun awo, likita ta fita amsa waya. Sai Inna ta matso da kanta, ta rage murya, ta ce mini da can tana da wushirya. Ta ce a garinsu da ita ake kwatanta ta, in baƙo ya ce gidan Tabawa yake nema, sai a tambaye shi ko mai wushirya. Ta ce in da hali a mayar mata da abarta. Na yi murmushi na ce to, Inna.

Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta abubuwan da suka taɓa zuciyata, kuma da yammar nan a cikin adaidaita sahu na rubuta cewa wushirya taga ce da dariya take leƙowa ta ciki. A littafina na rubuta. A takardar da ta bi awon zuwa wurin Malam Sunusi kuwa na cike launi, na cike girma, na cike adadi, layin ƙasa na ƙarin bayani na bar shi fari. A makaranta an koya mana cewa tazara tsakanin haƙora aibu ne da ake gyarawa, kuma a unguwar nan kullum iyaye suna kawo 'ya'yansu mata a ɗaura musu waya don a rufe ta. Sai hannuna ya ɗauki maganar Inna a matsayin hira, bai ɗauke ta a matsayin umarni ba.

Ranar gwajin kaki an aike ni karɓo kaya a cikin gari. Dakta Binta ta sa mata haƙoran, ta tambaye ta ko sun yi. Inna ta ce sun yi, Allah ya saka da alheri, ta dangwala yatsa a takarda. Irin su Inna ba sa duban likita su ce aikinta bai yi ba. Ita a ganinta ta riga ta faɗa mini, ƙila sai a ƙarshe ake buɗe wurin.

To, ranar Alhamis ɗin ta zo karɓa. Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, kuma a garinsu za ta yi ta. Haƙoran sun fito jere, farare daidai misali, ko allura ba za ta ratsa tsakaninsu ba. Likita ta sa mata, na miƙa mata madubi. Ta daɗe tana kallo. Ta yi godiya, ta sa wa iyayenmu albarka, sannan ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta kamar yadda ta shigo ranar farko, ta fita.

Ta manta ɗan kofin da ake jiƙa haƙoran a ciki, sai na bi ta da shi. Na same ta a gindin mangwaro tana jiran yayyafi ya tsagaita. Har ta cire su, tana ƙulle su a hankici.

Na ce, "Inna, ciwo suke yi miki?"

Ta ce, "Ko kaɗan. Suna da kyau, 'yar nan. Amma na wata ce. Na duba madubi na ga wata mata mai mutunci, ban san ta ba."

A nan na tuna. Wushiryar ce ban rubuta a takardar ba. Ita kuwa sai lallashina take yi, wai kada na damu, za ta ajiye su a ƙasan akwati, ƙila ta sa su in za a ɗauki hoto. Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan lallashin ba. Zubin shekara biyu, an hana injin markaɗe, an hana tumaki, ya ƙare a ƙullin hankici saboda layi ɗaya da ban cike ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin yin shiru. Ta dangwala yatsa, kuma a ƙa'ida duk wanda ya sa hannu ranar gwaji, in yana son sabo shi zai biya. Inna ba za ta taɓa kai ƙara ba, ni kuma saura mini wata biyu a tabbatar da ni. Na yi sallar la'asar da wannan tunanin, na sallame da shi. Daga kan sallaya na wuce ofishin likita.

Dakta Binta ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Ta sa na ɗauko takardar, ta ce na karanta mata abin da ke layin ƙasa. Na ce babu komai. Ta ce na sake dubawa. Na ce babu komai, Dakta. Ta ce to na riƙe wannan farin layin a kaina muddin ina wannan aiki. Sannan ta ce ita ma tana da nata kason, don ta tambayi dattijuwa ko ya yi, alhali ta san amsar da dattijuwa za ta bayar. Ta yanke cewa asibiti zai sake aikin, za a ƙara mini wata ɗaya a kan gwajina, kuma ni zan je na gaya wa Malam Sunusi da bakina, ni zan kuma shawo kan Inna.

Malam Sunusi ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce tun kafin a haife ni yake toshe wushiryar 'ya'yan alhazai, yau kuma an ce ya fasa gini ya buɗe taga. Ya yi mita har ya gaji, sannan ya tambayi faɗin wushiryar. Na ce ban sani ba, kuma babu hoto. Ya ce to sai dai a kawo masa mai bakin.

Shawo kan Inna ya fi wuya. Washegari da azahar na je ƙofar baya ta gidan da take aiki, na same ta tana soya albasa. Ta ce ba ta da ko sisi da za ta ƙara, kuma ita ba za ta ci tuwo da haƙoran sadaka ba. Sai na tambaye ta, in ta kai ɗinki ta biya, tela ya ɗinka mata abin da ba ta ce ba, gyaran sadaka ne? Ta ce a'a, wannan kam haƙƙinta ne. Na ce, "To Inna, kuɗinki ne ba su gama aikinsu ba. Wushirya kika biya, ba mu ba ki ba." Ta juya albasarta sau biyu, ta ce sai dai ranar Litinin bayan ta sauke abincin rana.

Ranar Litinin, karo na farko tun zuwana, Malam Sunusi ya fito daga ɗakin baya da kaki da 'yar wuƙarsa mai zafi. Da ya ji 'yar Haɗeja ce, sai wasan da ke tsakanin Katsinawa da Haɗejawa ya tashi. Ya ce ai ya san za a rina, Bahaɗejiya ce kaɗai za a ba gida da katanga ta ce a huda mata. Ta ce masa ta cikin mayafi, in da Bakatsine ya san kyau da ba a dawo da aikinsa ba. Ya matsar da haƙoran biyu na tsakiya, ta duba madubi ta ce a ƙara. Ya ƙara, ta ce ya yi yawa, ita ba ƙofar gari ta ce ya buɗe ba. Daga ƙarshe ta ce a kawo tsinken ashana, da can yana wucewa a tsaye ba tare da ya taɓa gefe ba. Na aro ashana a wurin maigadi. Da tsinken ya wuce, sai ta daɗe tana kallon madubin. Sannan ta ce a hankali, "Ga ni nan."

Ya gasa su cikin kwana uku. Ranar da ta karɓa, Malam Sunusi ya sake fitowa, wai ya zo ganin ɓarnar da aka sa shi. Ta buɗe baki za ta rama, dariya ta riga ta. Mayafin ya zame ya sauka a kafaɗa, ba ta bi shi ba. Dariya ce mai faɗi, har da riƙe ciki, kuma ta cikin 'yar tazarar nan ana hango jan harshenta. Dakta Binta da ba ta cika dariya ba ta juya tana gyara kayan da ba sa buƙatar gyara.

Abin da na koya shi ne, mai kawo kuɗinsa wurinmu ba roba ya zo saya ba, kuma ba mu ne za mu zaɓa masa abin da ya kamata kuɗinsa su yi masa ba. Wani barci ya zo saya, wani cin nama, wata kuma fuskarta. Shi ya sa nake matsa muku, ku sababbin ma'aikata, a kan cike layin ƙasa, nake kuma hana ku tambayar dattijai ko ya yi. Ku tambaye su yadda yake da can.

Bayan kamar shekara biyu wata mata ta zo cire haƙori, ta ce Inna Tabawa ce ta kwatanta mata mu, garinsu ɗaya. A bakinta na ji abin da Inna ba ta taɓa faɗa mini ba. Ashe ita ce maguɗiyar garinsu, duk amaryar da za a kai ɗaki da guɗarta ake kai ta. Tun da ta faɗi a babur ta daina, har bikin 'ya'yanta biyu a ƙuryar ɗaki ta yi su. Matar ta ce kwana uku bayan waccan Babbar Sallar aka kai wata amarya, ana shiga zaure aka ji guɗa ta tashi daga bayan mata, tsofaffin da ke zaune a ƙofar gida suka dubi juna suka ce Tabawa ta dawo.