Jakar da Aka Haifa a Ƙofar Sito

Mai Buhu ake ce mata, kuma da farko zagi ne. Wata maƙwabciya ce ta laƙaba mata, shekara goma sha bakwai da suka wuce, ranar da ta ga buhunan fulawa goma sha biyu shanye a kan igiyar da mutanen kirki ke shanya kayan sawa. Maƙwabciyar ta daɗe da tashi daga unguwar, sunan kuwa ya zauna daram.

Tela ce tun asali. Ta koyi ɗinki a wajen ƙanwar babanta, ta shiga ɗakin miji da keken ɗinki mai feda wanda ya girme ta. Mijin nata ma'aikacin gidan burodi ne, shi ke kwaɓi. A can ake tara buhunan da aka juye fulawa, in sun yi yawa a cinna musu wuta a bayan katanga, hayaƙi ya turnuƙe layin har jarirai su kama tari. Ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Abin da ya haɗa ta da buhu kuwa 'yarta ce ta fari. Jakar goyo uku yarinyar ta kashe a zango ɗaya na makaranta, irin na kanti masu ƙyalli da hoton ɓera a baya. Ta farko zif ya tsinke, ta biyu hannu ya cire, ta uku gindi ya zube a tsakiyar titi, littattafai suka sha ruwan kwata. A ranar ce Mai Buhu ta ce wa mijinta, "Gobe ka zo mini da buhu biyu."

"Na mene ne?"

"Kai dai ka kawo. In na ce miya zan yi da su, ai ba kai kaɗai za ka sha ba."

Ta wanke su sau uku, ta juya cikinsu waje, ta ninka biyu, ta bi kowane gefe da ɗinki sau biyu da zare mai kauri. Hannun jakar kuma ta yanko shi daga bel ɗin kujerar wata mota da ta mutu a gareji. Yara suka yi ta yi wa yarinyar waƙa, wai ta goyo burodi. Da wannan jaka ta gama firamare, ƙanenta ya gaje ta. Iyayen masu waƙar kuwa ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sallama a ƙofar Mai Buhu, kowace tana cewa ba don kanta ba ne, wata ce ta aiko ta.

Yau tana da shago a bayan garejin, kekuna huɗu, mata biyar. Ta biyar ɗin, wadda ake kira Gajera, ba ta ɗinki. Ita ce mai wanki, hannayenta sun yi fari fat saboda omo, bakinta kuma ya fi almakashin shagon kaifi.

Sai bara gwamnatin jiha ta farka. Aka yi ta shela a rediyo cewa daga yanzu, cikin duk kaya biyar da za a saya wa makarantu, ɗaya sai ya fito daga hannun masu sarrafa tsofaffin kaya. Magana mai kyau, wa zai musa? Amma kafin a sayi ko allura, sai da aka tara su a wani otel kwana uku, wani saurayi mai ɗamammen wando ya tsaya gaban allo yana koya wa Mai Buhu yadda ake wanke buhu. Ta zauna ta naɗe hannu. Da aka ce a yi tambaya, ta ce, "Ɗana, in fulawa ta daskare a kusurwar buhu, da me kake fitar da ita?" Ya ce za a zo wannan a darasi na gaba. Har yau ba a zo ba. Aka ba ta takardar shaida mai zanen zinare, Gajera ta ɗora kwanon sabulu a kai.

Ta riga ta fid da rai, sai ga takarda ta gaskiya. Jaka ɗari huɗu ake so, a kai babban siton ma'aikatar ilimi kafin a buɗe makarantu. Ɓangare uku kacal aka zaɓa don gwaji a duk jihar: ita, da wani mai yin kwandon shara da tsohuwar taya, da wasu masu narka roba su yi bencina. Jami'in da ya kawo takardar bai ɓoye mata ba. Ya ce, "Inna, ku ne zakaran gwajin dafi. Akwai manyan 'yan kasuwa da ke jira ku faɗi. In kayanku ba su shiga ba, za a rubuta cewa an gwada ku kun kasa, a mayar musu da kwangilar, shi ke nan an rufe."

Mako shida shagon bai karɓi ɗinkin kowa ba. Gidajen burodi huɗu suka daina ƙona buhu. Kanikawa suka fara ajiye bel a kan ƙusa maimakon jefawa a bola. Ranar Laraba aka loda jaka ɗari huɗu a ƙaramar motar kaya, ɗauri goma-goma, Mai Buhu da Gajera suka shiga gaba.

Siton dogon gini ne mai rufin kwano, ƙofa ɗaya tal ta ƙarfe. A bakinta akwai tebur, a bayan teburin akwai Mai Sito, dattijo mai tabarau a kan karan hanci, shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya. Ya zaro jaka ɗaya, ya ja hannunta, ya ja zif, ya gyaɗa kai. Sai ya leƙa ciki. A can ƙasa ana iya karanta ragowar shuɗin rubutu: kilo hamsin.

Ya ajiye ta kamar ya taɓa wuta. "Baiwar Allah, wannan ai tsohon buhu ne."

"Shi aka ce in kawo, Malam."

"Ni ba shi aka ce in karɓa ba." Ya juyo mata da takardar gabansa, ya ɗora yatsa. "Karanta. Sababbin kaya. Shekara talatin da uku ina nan, ban taɓa shigar da gwanjo siton gwamnati ba."

"Buhun ne tsoho. Jakar sabuwa ce."

"Yaya za a yi tsoho ya haifi sabo?"

Gajera ta leƙo daga bayan uwar ɗakinta. "Baba, kai jikokinka da furfura aka haife su?"

Direban motar ya juya baya yana tari. Mai Sito bai yi dariya ba, amma ba mugu ba ne, sai ya rage murya. Ya ce shawara zai ba ta don Allah. Ta koma ta yi wa kowace jaka shafi da baƙin yadi a ciki, rubutun ya ɓuya, ta kuma cire ɗan ƙyallen da ta liƙa a gefe mai cewa an yi ta da buhun fulawa. In ta yi haka shi bai ga komai ba, zai rubuta sababbi ya sa hannu.

Nan ne ran Mai Buhu ya ɓaci. Da korarta ya yi da ya fi mata sauƙi. Shekara goma sha bakwai tana fama a daina jin kunyar buhu, yau gwamnatin da ta aiko a kira ta saboda buhun ita ce ke cewa ta rufa masa asiri kamar cikin shege. Kuma in ta ɓoye, wa ya ci? A takarda za a ga an sayi jakar kanti. Mai taya ya zo gobe, shi da wane yadi zai rufe tayarsa?

Ta ce, "Na gode, Malam. Ban saci buhun nan ba, ba zan sa masa mayafi ba."

Ta haura bene wajen Darakta. Sakatariya tana yankan farce, ta ce ba ya nan, sai Litinin. Ina ya tafi? Taron bita, a kan yadda za a samar wa masu sarrafa tsofaffin kaya kasuwa. Litinin ɗin kuwa ita ce ranar buɗe makarantu, motocin rabo ranar Juma'a za su tashi.

Da ta koma gida mijinta ya ce, "Ki sa yadin mana, ki huta. Wuya ba ta kisa, amma taurin kai yana yi."

"Kai da kake kwaɓi, in aka ce ka rantse burodinka ba da fulawa aka yi shi ba, sai ka rantse?"

"In za a saya, har da dafa Littafi."

"Shi ya sa ban aure ka don shawara ba. Gobe da safe ka taya ni ɗora keken ɗinki a kurar ɗaukar kaya."

Ƙarfe takwas na safiyar Alhamis, Mai Sito ya iso ya tarar da tsohon keken ɗinki a dasa a tsakiyar ƙofar sitonsa, Mai Buhu a kan kujera, mata biyar zaune a kan ɗaurin jakunkuna. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali. Sannan ta miƙa masa wankakken buhu.

"Duba da kyau, Malam. Wannan mene ne?"

"Buhu."

"Jaka ce?"

"Ba jaka ba ce. Baiwar Allah, ki matsa, motar alli na zuwa."

"Gani ya kori ji. Ka ba ni rabin awa."

Ta shimfiɗa, ta yanka, ta ninka, ta taka feda. Ƙarar keken ta cika harabar. Masinjoji suka tsaya da fayil a hannu, masu shara suka jingina tsintsiya, aka fara leƙowa ta tagogin bene. Motar alli ta iso, ta tsaya. Bayanta motar tebura ta tsaya, direbanta yana danna ham. Mai Buhu ba ta ɗaga kai ba. Ta kafa zif, ta ɗinke bel, ta liƙa ɗan ƙyallenta a gefe, ta ciji zare. Ta ɗora jakar a kan takardar Mai Sito.

"A gabanka aka haife ta. Ko awa ɗaya ba ta yi a duniya ba, ba yaron da ya taɓa goya ta. Tsohuwa ce ko sabuwa?"

Mai Sito ya dubi jakar, ya dubi taron. Wani masinja ya ce, "Ai ko cibiya ba a yanke mata ba." Aka kwashe da dariya.

Ya gyara tabarau. "To. Wannan ɗaya dai sabuwa ce, na gani da idona."

"Madalla. Rubuta ɗaya." Ta juya wajen matan. "Ku kwance ɗaurin farko. Gajera, raba reza. Malam sai abin da ya gani da idonsa yake karɓa, to mu farke su duka mu sake ɗinkawa a gabansa. Saura ɗari huɗu."

"A nan?"

"A nan. Ina da zare, ina da ƙafa. In Allah ya yarda kafin ka yi ritaya mun gama."

Gajera ta riga ta sa reza a bakin ɗinkin jaka ta farko. Direban motar tebura ya sauko yana faɗa, wai shi yana da lodi uku yau. Na motar alli ya ce shi kam a bar matar ta yi, bai taɓa ganin ana aiki a ma'aikatar nan ba sai yau.

Mai Sito ya ɗaga hannu. "Tsaya, 'yar nan, kar ki ɓata kaya." Ya zauna, ya ja takardar, ya buɗe biro. "Jakunkuna, sababbi, ɗari huɗu. Shi ke nan?"

"Da saura. Ka ƙara: daga tsohon buhu."

"Babu gurbin wannan a takardar."

"Ga fili a gefe."

"Ba a rubutu a gefe."

"Ba a ɗinki a ƙofar sito ma, ga shi an yi. Mai taya yana zuwa da kwandunansa, masu benci na tafe. In suka tarar da rubutun nan, ba sai sun kawo maka tukunyar narka roba nan ba. Ko kana so?"

Mai Sito ya dube ta ta saman tabarau. Sai ya karkata takardar, ya rubuta a gefe da ƙananan haruffa, ya sa hannu, ya buga hatimi a kan rubutun. Mai Buhu ta karɓa ta karanta, ta nuna masa inda ƙugiyar wani harafi ba ta fito ba, ya gyara.

Ya ce, "To yanzu a janye keken."

"Sai ta ƙarshe ta shiga."

Haka kuwa aka yi. Ɗauri arba'in, ana wucewa da su ta gefen kujerarta ɗaya bayan ɗaya, motoci biyu na jira a rana. Tana zaune, ƙafarta a kan feda, har Mai Sito ya ce, "Arba'in."