Barsim Mai Ganye Biyar

A ciwon ajalin maigidana, Allah ya jiƙansa, an kwantar da shi a wani asibiti can bayan garin Madina, wajen iyakar harami. Akwai wata nas Baturiya 'yar ƙasar Ailan, ita kaɗai ke samun jijiyarsa a suka ɗaya. Kullum damuwarsa da me zai gode mata. Dabino ya yi mata yawa, turare kuma an hana su shafawa a bakin aiki.

Wani mai ba da magani, mutumin Kano, shi ke mana tafinta. Ranar nan ya ce bikin ƙasar su nas ɗin ya matso, can kowa maƙala wani ganye yake a ƙirji, ita kuma ba ta da shi. Ta zana mana a takarda, ganye uku a kara ɗaya.

Malam, maigidan nawa, ya duba ya ce, "Hajiya, wannan ai barsim ne! Abincin akuyarki suke ado da shi?" Sai ya ce in yi mata.

Na koma gida unguwar Harra ta Yamma, na zaro mafi kyau cikin damin barsim ɗin akuya, na ɗaure da zare, na aje bisa tabarma in nemo fil. Kafin in dawo akuya ta yi nata bikin, har da zaren.

Sai na koma ga ƙyalle. Kore ɗaya ne a gidan, babbar rigarsa ta Juma'a. Na yanko daga ƙasan baya, na cusa auduga, na ɗinka. Da na gama uku sai na ji kunya. Mace ta yi wata biyu tana ɗawainiya da mijinki, ki miƙa mata ganye uku cif kamar marowaciya? Ko mai tumatir yana gyara. Na ƙara biyu.

Mai maganin ya gani ya dafe kai. "Mama, uku ake yi!"

Malam ya ce, "Bar ta, ɗana. Shekara arba'in ban taɓa cewa malmala ɗaya ta kawo ɗaya ba."

Nas ɗin ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta yi dariya har da hawaye. Wai a garinsu mai huɗu ma sa'a ce babba, mai biyar kuwa sai a Madina. Ta maƙala shi daga cikin farar rigarta, ta riƙe hannun Malam.

Bayan ta fita ya ce, "Koren nan kamar na san shi."

Na ce, "Daga baya na yanka, ba mai gani."

"To in na fita, sai ki riƙa bina kina tarewa har masallaci."

Bai fita ba. Kwana tara ya ƙara. Yanzu ma da nake faɗa ana rubutawa kuka nake, amma dai ya tafi ya yi godiyarsa.