Bugu Ɗaya a Bayan Ido

Uwaisu Basarke ne, ɗan masunta daga Yauri, ɗakinmu ɗaya a unguwar Deptford ta Landan. A 1975 gwamnati ta turo shi karatun kiwon kifi, lokacin da kuɗin mai ya sa ake rabon sikolashif kamar goron suna. Ubansa ya ce kada ya dawo sai da takarda. Ita ya sa a gaba, ko silima ba ya zuwa.

Ran Asabar yakan taya wani tsoho ɗan Poland, Kazik, sayar da kifi a kasuwa. Mutanen Kazik ba sa son matacce, da rai suke zaɓa a baho, a kashe a gabansu. Tsohon ga surutu. Akwai wani kifi mai ratsi-ratsi da yake kira okon, wai daga oko sunan ya fito, wato ido, saboda ƙwala-ƙwalan idanunsa. Uwaisu ya ce su a Yauri ba ruwansu da suna, wurin bugu suka sani. Tun yana ƙarami ubansa ya koya masa: kulki, sau ɗaya, bayan ido, kada a wahalar da kifi. Ban taɓa ganin ya maimaita ba.

Saura mako uku jarrabawarsa ta ƙarshe, ina tsaye ina jiran ya gyara min kifi, sai ga wasu ƙattan Turawa uku, kai ƙwalƙwal, irin masu tsanar baƙin haure da ma kowane baƙo. Suka kife bahon, kifi na ta wutsil-wutsil a kan kwalta. Kazik ya sunkuya zai tsince, ɗayansu ya zuba masa takalmi a baki. Haƙora suka zubo. Ya sake ɗaga ƙafa, wannan karon yana auna kan tsohon. Ni kam tsayawa na yi ina kallo, har yau kunyar na cina.

Kulkin na hannun Uwaisu. Na ji ƙarar da nake ji kowace Asabar. Ƙaton ya zube, jini na bin kunnensa, yana shure-shure. Bai mutu ba, amma bai ƙara magana daidai ba.

Aka yanke wa Uwaisu shekara biyu, in ya gama a mai da shi gida. Kazik ya zo kotu da baki a ɗinke, ba a gane rabin shaidarsa ba.

Na je ganinsa a kurkuku.

"An yi cancel ɗin komai, Almu," in ji shi. "Kada ka rubuta wa Baba."

Haushi ya kama ni. Na ce, "Me ya hana ka buge shi a kafaɗa?"

Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ba a koya min wani wurin ba."