Ranar da na rufe gareji a kaina da 'yata

Edita, ni matar aure ce mai 'ya ɗaya, a Dutse Alhaji muke haya. A lokacin da abin ya faru, rubutu ya gama shiga jinina. Littafi nake rubutawa a waya, kullum bayan la'asar in saki shafi ɗaya a zauren masu karatuna. Ranar da na makara kuwa na shiga uku. Wannan ta ce na fara jan aji, waccan ta ce daman halin marubuta ke nan. Ni kuma ga son yabo kamar me, ba na iya jin haka in share.

Sai bazara ta shigo. Duk wanda ya san zafin Abuja kafin ruwan farko ya san abin da nake faɗa. Kwana huɗu ba wuta, ɗaki kamar tanda, gumi na ɗiga kan wayar har ta daina jin yatsana, can ta ɗau zafi ta mutu. 'Yata, shekararta uku, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya, sai kuka take. Tun safe layi biyu na rubuta. Nan shaiɗan ya kawo mini shawara: maigidana ya tafi aiki Kaduna, ga tsohuwar motarsa a gareji, ga makulli, ga esi mai sanyaya mota. Bayan azahar na saɓi yarinyar muka shiga. Da yake ɗaurin ƙirji ne kawai a jikina, garejin kuma na kallon titi, sai na ja ƙofar na rufe ruf don kada maza su gan ni. Wallahi kunya ce kawai a raina, hayaƙi ko kusa bai zo mini ba.

Na tayar da motar na kunna esi, sanyi ya ratsa mu, yarinyar ta yi barci a kujerar baya, rubutu ya ɓalle mini kamar famfo. Can kaina ya fara sarawa, na ce yunwa ce. Haruffa suka fara hawa kan juna, zuciyata na tashi, na ce bari dai in ƙarasa shafin. Na kira sunanta, shiru. Na so in juya, wuyana ya ƙi. Na miƙa hannu in kashe motar, hannun ya faɗo kan cinyata kamar ba nawa ba. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ina ji ina gani zan kashe 'yar da na haifa, ko ihu na kasa yi.

Allah Ya kawo mai gidan da muke haya, wata dattijuwa 'yar asalin garin, ta dawo daga gona ta ji mota na kuka a rufaffen gareji. Ita ta bankaɗe ƙofar, ta fizgo yarinyar tana ƙwala wa maƙwabta kira. Abin da na ji ta ce da 'yar Hausarta kafin in sume shi ne, “Madam, kana so ka kashe yaro?”

A asibiti na farfaɗo da robar iska a hanci. 'Yata kuwa sai dab da magariba ta buɗe ido. Likita ya ce gubar da ke cikin hayaƙin mota ba ta da wari, barci take sa mutum, kuma da mun ƙara jimawa kaɗan sai dai a fito da gawa biyu. Maigidana da ya iso, ɗaukar 'yarsa kawai ya yi ya juya mini baya. Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

'Yan'uwana, ko zafi zai narkar da ku, kada ku kunna mota ko janareto a wurin da iska ba ta fita. Shafi yana iya kwana, masu karatu ba za su mutu ba. Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi, shekararta biyar yanzu, amma ni ban warke ba. Duk sanda take barcin rana sai na lallaɓa na kai yatsa hancinta. Jiya ta buɗe ido ta kama ni, ta ce, “Mama, ban mutu ba fa.”