Gidan da Aka Kwance

Duk wanda ka tambaya a Maska zai ce maka gidanmu ya watse. Ba haka ba ne. Gidanmu bai watse ba, kwance shi aka yi, a tsanake, da sallama da godiya, ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Na gaji da gyara wa mutane wannan magana a bakin rijiya da gidan suna, shi ya sa zan rubuta ta sau ɗaya in huta.

Ina ajin ƙarshe a sakandaren kwana a Funtuwa kakana ya rasu. Ya bar 'ya'ya maza uku suna noma gandu ɗaya: Babana shi ne babba, sai Baffa, sai autansu da muke ce wa Baba Ƙarami. Ni 'yar fari ce, Babana ko sunana ba ya faɗa. Mahaifiyarsu, Kaka, ita ta ɗauke ni yaye, ba ta kuma mayar da ni ba. A ɗakinta na tashi, a gidan da in aka sauke tuwo sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarka don hayaniyar yara.

An yi rabon gado lami lafiya. Malamai suka zo, aka auna gonaki da igiya, kowa ya karɓi nasa, aka shafa fatiha. Daga nan Baffa ya samu rumfar hatsi a Malumfashi. Baba Ƙarami ya sayar da kasonsa ya sayi babur, ya koma Bakori yana haya. Babana kuma dangin Innata suka ba shi fadama a Mahuta. Kowa da dalilinsa, kuma duk dalilan masu kyau ne. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da faɗa suka yi, da na san wanda zan ƙi gaisarwa.

A zangon nan ne malamar Turancinmu ta sa mu gaba da kalmomi masu kama da juna, saboda jarrabawar fita. Gajeriyar mata ce, ba ta dariya sai ta ga dama. Ta rubuta biyar a allo: scatter, disperse, separate, disorder, dismantle. Ta tambaya, aji duka muka ce ai watsewa ne.

"Duka biyar?" in ji ta. "To kun faɗi tun yanzu. Ku tura ƙofar nan, Hausa zan yi."

A makarantar, in aka kama ki kina Hausa sai kin yi noman ciyawa. Aka tura ƙofa.

Ta ce scatter shi ne shirwa ta faɗo cikin 'yan tsaki, kowa ya yi ta kansa, ba wanda ya zaɓi inda ya nufa. Disperse kuwa kasuwa ce ta tashi: kowa ya san hanyar gidansa, mako mai zuwa kuma a haɗu. Separate shi ne ki tsince tsakuwa daga cikin wake, ko ki shiga tsakanin masu dambe. Da ta zo kan disorder sai ta nuna ni da alli.

"Akwatin wannan. Komai yana ciki, ba abin da yake wurinsa."

Aka yi mini dariya. Ban damu ba, gaskiya ta faɗa.

Na ƙarshen, dismantle, ta ce bakanike ne ya kwance injin ban ruwa, noti bayan noti, yana jera su a kan buhu.

Na ɗaga hannu. "Malama, abin da aka yi wa haka, ana mayar da shi?"

"In ba a zubar da notocin ba."

"In an zubar fa?"

"Sai ki sayar wa 'yan gwangwan. Zauna."

Ita ta wuce wurin, ni ban wuce ba. Da na zo hutu na tarar da kafinta a kan ɗakunan Baffa yana ɓamɓare kwanon rufi, za a kai Malumfashi a rufa sabon gini. Yana zare ƙusa yana wurgowa ƙasa. Na tsaya ina kallo, sai na ga na duƙa ina tsincewa. Na samu babban gwangwanin madara na zuba. Da Baba Ƙarami ya zo cire ƙyaurensa da tagogi, ya bar sakata a ƙasa, na ɗauka. Ranar da Babana ya kora shanun huɗa ya ɗora garma a amalanke, wani noti ya faɗi a zaure, shi ma na ɗauka.

Kaka tana kallona daga bakin ƙofarta. "'Yar boko, an tura ki neman ilimi kin dawo tsintar ƙarfe?"

"Ajiya nake yi."

"Wa ya ba ki ajiyar?"

"Ba kowa."

"To Allah ya kawo mai karɓa."

Na tura gwangwanin ƙarƙashin gadonta. Ban gaya mata ba, amma a raina na riƙe cewa tunda kwancewa aka yi, ana iya ɗaurawa, muddin akwai mai riƙe da ƙusoshin.

Da na gama makaranta na dawo gida gaba ɗaya, mu biyu muka rage, ni da ita, a ɗaki ɗaya mai rufi. Sauran ɗakunan suna tsaye baki buɗe. Damina ta sauka ta fara cin katangunsu, tafasa ta fito a inda Innata take ajiye randa. Tsakar gidan ya yi mini faɗi. In na share da safe, da yamma ba sawun da zan gani sai nawa da na kaji. Tukunyar da a da ake ɗumama wa jarirai kunu, a ciki nake tuƙa mana tuwo, kuma sai ya yi saura. Akwai 'yar Baffa, sa'ata, wadda muka yi shekaru muna raba tabarma ɗaya muna faɗa a kan bargo. Yanzu sai ta kira a waya.

"Ya gida? Ya Kaka?"

"Lafiya lau. Yaushe za ki zo?"

"Muna nan tafe, in sha Allahu. Katina zai ƙare."

Kullum katinta yana gab da ƙarewa. Ni ma na koyi cewa nawa haka.

Wata rana wata maƙwabciya ta shigo aron rariya. Ta tsaya tsakar gida ta riƙe haɓa. "Allah sarki, Iya. Gida kamar wannan a ce ya watse."

Na ce, "Bai watse ba. Ga rariyar."

Ta karɓa ta fita ba ko sai an jima. Kaka ta bari sai da ta yi nisa.

"Ke dai ba ki da ladabi, bakinki kamar reza. Amma ba ki yi ƙarya ba. Watsewa kakata ce ta gan ta."

Na san kufan da ke hayin rafi, inda masara take fin ta ko'ina tsayi, amma ban taɓa tambayar ko na su wa ne ba. Kaka ta ce garin su kakarta ne, tun kafin zuwan Turawa, zamanin da ake kai hari bayan an gama girbi. Tana yarinya, da hantsi, ita da yayarta suna daka a turmi ɗaya, sai suka ji ƙarar dawaki. Suka saki taɓare. Ita ta faɗa kurmi, yayar ta yi gabas. Shi ke nan. Ta girma, ta yi aure a nan, ta haihu, amma ba ayarin fataken da zai sauka ba ta je ta tambaya ba: ko kun ga mace mai tsage irin nawa, mai wushirya, mai tabon wuta a hannun hagu? Har aka mayar da ita abin tsokana. Sai da ta yi jikoki wani falke ya ce ya ga mai irin wannan kama a wani gari can cikin ƙasar Zazzau. Ta ɗaura ɗamara ta tafi a ƙasa.

"Ta same ta?"

"Ta same ta. Tsofaffi biyu, ba mai haƙorin kirki, wushiryar ma ta tafi. Da tabon ta gane ta. Aka ce farkon abin da yayar ta ce mata shi ne, ke kika bar turmin a buɗe."

Kaka ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Abin da na ji daban ne. Waɗanda suka watse neman juna suke yi. Mu kuwa kowa ya san inda kowa yake, lambarsa tana cikin waya, motar garinsa tana tasha. Ba wanda ya ɓata, saboda haka ba wanda ake nema.

Can tsakiyar damina Kaka ta zame a bakin rijiya. Ba ta karye ba, amma ni kaɗai na kasa ɗaga ta, sai da na fita waje na kira mutane. Dama idonta ya fara yana. 'Ya'yanta suka yi shawara ta waya, suka yanke ta koma Bakori wurin Baba Ƙarami, kusa da asibiti. Shi ya zo ya faɗa mana, yana zaune a kan turmi yana juya makullin babur.

Na ce, "Ni da nake nan ba mutum ba ce?"

"Ke mutum ce, 'yata, har da rabi. Amma ke ba likita ba ce."

"In ta tafi sai ku cire wannan kwanon ma."

"Wa ya yi maganar kwano?"

"Ba sai an yi ba. Na ga yadda kuke yi."

Na juya ina jiran Kaka ta ƙi. Na tabbata za ta ƙi. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a kan gadon ƙarfen nan mai rumfa ta yi jegon su duka. In ta ce ba ta zuwa, ba mai ɗaga ta, ɗakin ya tsira, gidan yana da sauran wurin da za a dawo.

Ta gyara zama ta ce, "Kun gama da gadon ubanku, ga na uwarku nan. A kwance shi."

Baba Ƙarami ya yi dariya. Na ce, "Ke ma?"

"Ni ma me? So kike in mutu a hannunki ki yi ta kururuwa, ba mai jin ki sai kaji? Ban yaye ki don ki zama mai gadin kango ba."

Ashe ni kaɗai ce nake jiran a dawo. Ita ta daɗe da sanin ba mai dawowa, zaman da take yi don ni ne, ni kuma ina cewa don ita nake zaune.

Ranar tafiya direban motar da ta zo kwasar kaya ya shigo da guduma zai buge ƙafafun gadon. Na ce ya fita. Na aro sifana wurin mai gyaran keke. Notocin sun yi tsatsa, sai da na ɗiga musu man gyaɗa na jira. Kaka tana kan tabarma tana ba da umarni, ita da ba ta gani sosai.

"Hagu ake juyawa, 'yar boko."

"Na sani."

"Kin sani kike ta nishi?"

Na kwance rumfar, na kwance kai da ƙafa, na ƙulle notocin a bakin zaninta. A Bakori ni na ɗaura shi da hannuna. Ba noti ɗaya da ya ɓata, kowanne ya koma raminsa. Amma da ta hau sai gadon ya dinga rawa. Shekara da shekaru yana tsaye a kan daɓen ƙasa mai tudu da kwari, ƙafafunsa sun bi daɓen sun lanƙwashe. A kan siminti mai santsi ƙafa ɗaya ta ƙi taɓa ƙasa. Na naɗe kwali na cusa. Ya tsaya, amma in ta juya yana ƙara, irin wadda bai taɓa yi a gida ba. Malamarmu ba ta gaya mana wannan ba, kuma ban ga laifinta ba, tambayar da na yi mata ta amsa.

Na koma Maska ɗaukar akwatina. Ɗakin ba komai sai ramuka huɗu a daɓe inda ƙafafun gadon suka zauna, da gwangwanina a tsakiyarsu. Na juye shi a ƙasa. Ƙusoshin Baffa masu hula, duk a tanƙware. Sakatar Baba Ƙarami. Notin garmar Babana. Ko akurki ba za su rufa ba. Ina zaune a wurin, sai mai sayen gwangwan ya wuce ta bayan katanga yana kira. Na ji shi sarai, na bar shi ya wuce.

Na kasa su uku, na ƙulle kowane kashi a tsumma. Ba ni da gidan da zan ɗaura, na yarda. Amma kayan mutane ne a hannuna, kuma wanda ya tsinci kaya shi yake bin mai shi. Zan kai wa kowa nasa. Ba zan kira a waya ba, don kar a ce mini ana nan tafe. Zan yi sallama kawai a ƙofa kamar wadda ta sha tambaya kafin ta gano gidan, in zauna har sai sun gaji da bakina. Sakatar tana iya jira, tunda Bakori zan riƙa kwana wurin Kaka. Mahuta ce mai wuya, ban san me zan ce wa mutumin da ba ya kiran sunana ba, amma zan miƙa masa notinsa in ga abin da zai ce. Da Malumfashi zan fara. Ranar kasuwa zan hau babur zuwa Funtuwa in shiga mota, in zube wa Baffa ƙusoshinsa a kan buhun masara, sannan in wuce cikin gida in ga mai katin nan ido da ido.