Baba Illo da Jarumi Mai Bakin Tsiya

Duk wanda ya san Baba Illo a Isa ya san hularsa aiki biyu take yi: rufe kai da rufe fuskar waya. Fim ɗaya tak gare shi, na wani jarumin Turawa da harsashi ba ya kashewa, bakinsa kuma babu linzami. Da an zo wurin rashin kunya sai ya kifa hular a kan wayar yana a'uzu billahi. Abin da ya ɗaure mana kai, bai taɓa kuskuren lokacin ɗagawa ba! Yara kuwa ko gindin darbejiyar da yake zama ba sa kusanta, ya ce kallon na masu gemu ne.

Liman ya taɓa tare shi, ya ce an gaya masa fim ɗin ashar ne daga farko har ƙarshe. Baba Illo ya rantse ko zo in kashe ka ba ya ji da Turanci. Liman ya ce, to me yake wa dariya?

"Allah gafarta Malam, ni ka sa mai magana da kaina. Tawa ma ta hi tashi muni."

Liman ya juya yana gyara rawani, kafaɗunsa na rawa.

Jikansa ya taɓa zuba masa finafinan wasu jarumai masu kamun kai. Bai kai rabi ba ya ce a goge, wai sun cika ɗaure fuska kamar masu rabon gado. Nasa dai yake so.

"Wanga ya mai da kowa taubashinai, har mutuwa. In ta zo sai shi yi mata gwalo."

Shi kuwa ya san daɗin abin, domin shi da mahaifinmu Garba taubasai ne, shi ɗan gwaggon Baba ne. Tun suna yara gaisuwarsu tsiya ce. Shi ya ce rago, Baba ya ce guntu, sannan a tambayi iyali.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi, gonarmu ta ƙone a tsaye. Shanun huɗar Baba biyu, ɗaya ya mutu, ɗayan aka yanka kafin ya bi sahu. Baba ya shiga zaure ya zauna. Ba ya magana, abinci sai ya taɓa ya ture. Masu jaje na ta zuwa da murya ƙasa-ƙasa, kowa sai a yi haƙuri. Ni dai na tsorata, na ga za mu rasa shi yana zaune.

Baba Illo ya leƙo ya ce rago. Baba ko kai bai ɗaga ba. Ranar na fara ganin tsoro a fuskar Baba Illo, ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Washegari da hantsi sai ga shi da waya. Ya zauna jikin Baba, ya kai fim ɗin daidai inda aka yi wa jarumin jina-jina, ya miƙe yana surutu.

"Ka ji abin da yac ce? Ya ce ko shi da anka hwashe ma kai bai yi zaman Garba ba. Ya ce sanka na huɗa ma da gangan ya mutu, ganin huskar ubangidanai ta ishe shi."

Innarmu ta rafka salati daga bayan ƙofa. Ni kaina na yunƙura in kore shi. Sai Baba ya ɗago kai, ya ce da dasasshiyar murya:

"Guntu, kai da ko akuya ba ka taɓa ɗaurewa ba sai ta aro, mi ka kai ka zancen shanu?"

Baba Illo ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce maza a kawo ɗumame, rago ya farka. A kwano ɗaya suka ci, suna faɗa a kan wa ya fi babbar loma.

Ranar da Allah ya karɓi ran Baba Illo, da muka kai shi makwancinsa, mutane suka watse, Baba ya ƙi tafiya. Na tsaya nesa kaɗan ina jiransa, na ji yana cewa:

"Ashe kai ne ragon, ka gudu ka bar ni. Wa za ni zaga yanzu?"

Allah ya jiƙanka Baba Illo, ya yafe maka abin da bakinka ya kwaso. Yadda ka dawo mana da mahaifinmu, Allah ya sa ka tarar da mai tarbarka da fara'a. Amin.